Zinariyar da Takwarata Take Niƙawa

Zuwa ga jikata kuma takwarata, Falmata.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya kamar yadda muke a nan Haɗejiya. Na sa an saka takardar nan a zauren danginmu na waya, don masu baki su ma su karanta.

Kin ce mini kin gaji, za ki tattaro ki dawo. To, ban yarda ba.

Na gane aikin naki sarai, kada ki raina ajina na yaƙi da jahilci. Kina zuba gishirin zinariya da wani gari a ɗan gwangwani mai ƙwallayen ƙarfe, inji ya yi ta girgiza su, ba ruwa ba wuta, har zinariyar ta zama ƙwayoyin da ido ba ya gani. In an dace, da an jiƙa sai ta yi ja kamar zoɓo. Taki kuwa sai curewa take, ta yi shuɗi.

Baffanki Sale ya samu abin faɗa. Wai an tura yarinya bayan teku koyon niƙa, abin da kowace tsohuwa a Kirikasamma ta iya, kuma ko ɗan kunne ba za a samu ba. Shi da ko barkono bai taɓa dakawa ba! Ai da bakina na faɗa wa mai kemis na unguwarmu cewa irin jan nan ne ke fitowa a abin gwajin zazzaɓi, wanda ake ɗiga wa jinin yaranmu duk daminar da kogi ya cika fadama. Har yaran Sale.

Kin tuna kwallin sallah? Kina 'yar shekara tara na ba ki ki niƙa mini. Kika dawo daga kogi hannu a jiƙe, kika hau shi kamar mai dambe. Ya cure. Kika yi jifa da ɗan dutsen niƙan, ya faɗa randa.

Na tsamo, na shanya, na zaunar da ke. Na ce a busar da hannu, a niƙa kaɗan, a bar dutse ya huta. Kwana uku kina yi kina kumbura baki. Ranar sallah matan unguwa suka dame ni da ina na samo kwalli mai laushi haka. Na ce tsarabar Makka ce, don kada su riƙa aiko miki da nasu.

Ban san injinki ba, malamanki sun fi ni. Hannun dai na sani, a tafina ya girma.

Kada ki zaci ba na kewarki. Bandar kifin Baturiya na nan na rataye miki, kullum sai na kore magen Sale. Amma in maganarsa ce ta dawo da ke, a zaure za ki kwana. Ranar da zinariyar ta yi ja, ki turo hoto, da ƙafata zan kai wa Sale har rumfarsa.

Allah Ya sanyaya miki zuciya, Ya dafa wa hannunki, Ya nuna mini jan nan da idona.

Taki mai ajiye da ɗan dutsen har yau,
Kaka Falmata babba.