Muryar Inna a Cikin Kaset

Unguwar Dabo,
Ta Tofa, Jihar Kano.
14 ga Nuwamba, 1985.

Zuwa ga Gwaggona Zulaihatu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa tare da ladabi da biyayya, ina fata wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da Baba Ja'afaru da yara, kamar yadda muke nan lafiya. Allah ya ba ki sauƙin ciwon ƙafar nan da Sama'ilu direba ya ce yana damun ki, ya sa kaffara ne. Yaya zaman Ikko, can Agege, yaya kuma tsadar da muke jin ta fi tamu? Mu nan sai godiya. Daminar bana ta ɗan fi ta bara, ko da yake takin zamani ya gagara, da toka da kashin awaki Baba ya yi noman. Gero ya yi dama-dama, dawa ce dai ba ta yi kai sosai ba. Sabulu da sukari kuwa sai an bi layi a Tofa. Kaka Barira ta ce ita ta daina sa sukari a koko don ta gano yana ɓata haƙori, alhali haƙoran da suka rage mata ba su kai a yi musu wannan tattalin ba. Akuyarki ta haifi biyu, duk mata.

Gwaggo, wata magana ce ta sa na rubuto, kuma ina roƙon ki karanta har ƙarshe kafin ki yi mini dariya. Kin san saboda halin da ake ciki an rage 'yan kwana a makarantarmu. Gurbin aji huɗu na kimiyya kaɗan ne ya rage, kuma shi kaɗai ne ke da ɗakin kwana. Baba ya ce mini a fili ba zai iya da jeka-ka-dawo ba, ga nisa, ga tayar kekensa ta mutu babu ta canji. Idan ban samu gurbin ba, a aji uku karatuna zai tsaya. Sakamakona ya kai, amma waɗanda nasu ya kai sun fi gurbin yawa. Shugabarmu, Misis Tomas, wata Ba'indiya ce mai kirki da tsare gida, ta ce bara an ba wasu, iyayensu suka cire su a tsakiyar shekara, gurbin ya tafi a banza. Don haka bana sai ta ji daga bakin uwar kowace yarinya cewa gidansu na son karatun.

Ana cikin haka sai ga wata Malama Asiya daga jami'a, can sabon mazauninsu na wajen Rijiyar Zaki. Tana bincike ne a kan yadda kallon da iyaye da malamai ke yi wa yarinya yake shafar ƙoƙarinta, musamman idan kullum kushe take ji. Tana bin gidajenmu da 'yar rakoda tana ɗaukar maganar iyaye mata. Da yardar iyayen aka shirya cewa abin da suka faɗa shi za ta kunna wa shugaba ta fassara mata, a huta da tara mata a makaranta ana tsakiyar kaka.

Ran da ta zo gidanmu, ni aka aika na shimfiɗa mata tabarma. Ta gaisa da Inna, ta danna rakoda, ta tambaye ta yaya take ganin karatun Safara'u. Gwaggo, kin san Inna da kunyar 'yar fari. Tun da aka haife ni ba ta taɓa kama sunana ba, ke kika goye ni, ke kika yi mini kitson farko. Sai ta kau da kai ta ce wace ce kuma haka. Da aka nuna ni, ta ce au, waccan, ai ba ta da kai, ban da cin tuwo babu abin da ta iya, ita ba ta ma san ajin da take ba, a je a tambayi masu ita. Matan gidan Malam Tasi'u da suka leƙo kallon rakoda suka yi ta yaba wa Inna, wai Fadima akwai kara. Ni kuwa ina tsugune ina jin gurbina yana zirarewa cikin kaset.

Da na raka Malama Asiya bakin hanya, ta ce ita ma 'yar fari ce, ta san abin da ta ji, har yanzu tata uwar waccan take ce mata. Amma ta ce aikinta amana ne, abin da aka faɗa shi za ta kai, ba za ta sa wa mutum maganar da bai yi ba. Za ta yi wa shugaba bayanin al'adarmu, sai dai bayani daban, muryar uwa daban, ga shi wasu iyayen sun yi magana mai daɗi. Daga nan ta tambaye ni wani abu da ba a taɓa tambayata ba. Ta ce ni da nake jin wannan kullum, na yarda da shi ne ko kuwa. Na ce na san kunya ce. Ta ce ba abin da na sani ta tambaya ba. Sai na gaya mata gaskiya, cewa a ajin lissafi sau da yawa amsa na bakina, amma in na zo ɗaga hannu sai in ji kamar an ce waccan ba ta da kai, sai in mayar da shi ƙarƙashin tebur. Ta ce abin da ta fito nema ke nan, kuma ta same shi a yara da yawa, har da waɗanda ake ƙauna ƙwarai. Ta yi alkawarin za ta sake dawowa sau ɗaya.

Kwanakin nan gidanmu ya zama majalisa. Baba ya lallashi Inna, ta ce ya rufa mata asiri, da wane ido za ta kalli matan gari in aka ji ta a rediyo tana yabon 'yar fari. An yi an yi a nuna mata rakoda ba rediyo ba ce, ta ce duk baƙin akwati ne mai magana. Kaka ta ce a kawo mata akwatin ita ta yi magana a matsayin Inna, Ba'indiya ina ta san bambanci. Baba ya ce Iya, ai ko a Indiya an san muryar da babu haƙora. Ta bi shi da muciya, ta ce ni kuma mai ƙafar sauro in daina zumɓura baki, ba a kaina aka fara boko ba.

Ran da Malama Asiya ta dawo, Inna na sheƙar gero a tsakar gida. Tana ganin ta sai ta miƙo mini tulu ta ce in tafi rijiya. Na samu babu layi, na dawo da wuri, ina zuwa bayan rumbu na ji muryar Inna, sai na tsaya. Ta ba rakodar baya, tana ta sheƙarta. Ta ce ita ba ta da 'yar da za ta yi magana a kanta. Amma akwai 'yar Zulaihatu ta Ikko da aka bar mata amana, in wannan ake tambaya, to ta san ta. Ta ce yarinyar ba ta taɓa cewa ta gaji da hanya ba, ko ran da ta fita da ruwan koko kawai a cikinta. Ta ce ita ke karanta wa matan unguwa takardar asibiti, kuma ba ta taɓa fitar da sirrin kowa ba. Ta ce irin kan da Allah ya ba ta, ita ba ta ga mai shi ba duk dangi, kuma tun kafin a yi maganar gurbi ta ware mata gyaɗa da daddawa da kuka na tafiya makaranta. In aka tsayar da karatun yarinyar nan, ba ta san abin da za ta gaya wa mai amana ba. Daga nan ta ce ƙaiƙayi ne ya shiga mata ido, a kashe akwatin. Ina tsaye da tulu a ka har wuyana ya ƙage, ban ko ji ba.

Washegari a ajin lissafi na ɗaga hannu. Amsar ba daidai ba ce, Gwaggo. Malam Abdussalam ya ce kuskure ne, amma ya ji daɗi da ya gano ashe ina da hannu. 'Yan aji suka yi dariya, ni ma na yi, kuma da ya sake tambaya na sake ɗagawa.

Malama Asiya ta kunna wa shugaba maganar farko da ta biyu, ta yi mata bayani. An ce shugaba ta yi dariya har ta cire tabarau, sannan ta sa sunana. Sai dai ta ce tunda a ƙasar nan yarinya na da uwa biyu, ita ba ta son rigima, sai ta ga yardar ta Ikko a rubuce kafin a yi hutu, in ba haka ba ta ba wata. Don Allah Gwaggo ki sa a rubuta ko layi biyu ne, ki dangwala hannu, ki ba Sama'ilu ya juyo da ita a wannan lodin, kada ki jira na gaba.

Ki gaishe mini da Baba Ja'afaru, da Khalilu, da Furera, da Rahmatu 'yar auta. Baba da Kaka suna gaishe ki, Kaka ta ce ki aiko mata da man zafi. Inna ma tana gaisuwa, ta ce in daina cika miki takarda da surutun banza, kananzir da biro duk tsada suke. Ba ta san na ji ba, kuma don girman Allah kada ta sani, ko kin zo da Sallah. In ta sani ba za ta iya haɗa ido da ni ba, ni ma haka, ga shi gida ɗaya muke.

Allah ya sada mu da alheri. Wassalam.

Ni ce 'yarki,
Safara'u Badaru