A Takarda Auta Ba Ɗana Ba Ne

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Gaisuwa ce daga ƙanwarka, da fatan takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya kai da iyali. Allah Ya sassauta maka ciwon gwiwar nan, Ya ƙara nisan kwana. Mu nan sai godiya. Babbar 'yata ta sauka, an samu mace, uwa da jaririya kalau. Ni dai hawan jinin ne, yau ya hau gobe ya sauka. Matar mai kemis ce ke rubuta mini, na sa ta rantse ba za ta kai maganar ko'ina ba, na kuma ce abin da ya fito bakina shi za ta sa, kada ta yi masa kwalliya.

Yaya, maganar ginin nan ce. Wai cibiyar ajiyar bayanai sunansa. Ɗana Auta ya ce mini rumbu ne, amma ba na hatsi ba, duk abin da mutane ke aikawa a waya da wanda ake rubutawa a ofis can yake zuwa ya kwanta. Ba mai kwana a ciki sai injina, su sha wuta su sha ruwa. Da farko filin bayan unguwarmu masu ginin suka so. Kansilanmu ya bi gida-gida yana cewa in aka yarda famfonmu ya ƙafe ke nan. Ni da na yi shekara ashirin ina bin layin ruwa, ai ban tsaya jin ƙari ba. Mutanensa suka kawo takardar ƙin yarda, na dangwala yatsa. Kansilan tsallaken titi kuwa ya ce a kawo masa, yana so. Aka yi taro har da jifa da kujeru, ƙarshe gini ya koma can, daidai ƙofar gidan ɗaya ƙanwar taka, wadda ke bi na.

Ka zo ka ga ikon Allah. An shimfiɗa musu kwalta, an kafa musu fitilu, mu ko taɓon nan namu yana nan yadda ka bar shi. Ita da ko kaza ba ta iya korewa, yanzu ita ce shugabar matan da suka yarda. A gaba ake zaunar da ita a taro, kansila na ce mata Mama. Ta sayi tabarau, Yaya, alhali idonta ras yake. Ranar da ta zo barka sai da ta naɗe bakin zani wai kada taɓonmu ya ɓata mata. Na san an ce hassada ga mai rabo taki ce. To ni kam na zuba mata taki buhu-buhu, Allah Ya yafe mini.

Duk wannan da sauƙi. Kansilansu ya kafa sharaɗi, ba a ɗaukar kowa aiki sai ɗan unguwarsa, gidan da ya dangwala yatsa kuwa ko shara ba za a ba shi ba. Ka san Auta gyaran wuta ya koya, shekara uku yana zaune. Yatsana ne ya rufe masa ƙofa. Sai ƙanwar taka ta rubuta shi a matsayin ɗanta, mai zama a gidanta, aka ɗauke shi. Ba ta ko shawarce ni ba. Allah bai ba ta namiji ba, ga shi kamfani ya ba ta nawa. Ya kwashe katifarsa da akwatin kayan aikinsa ya koma can. Ranar nan ya leƙo ni, na zuba masa abinci, ya ce ya ƙoshi, Mama ta ba shi. Mama! A gabana, da bakinsa.

Talatar da ta wuce da hantsi masu tantancewa suka zo, mace da namiji, don mutanen kansilanmu sun kai ƙara wai ana cusa 'yan waje da adireshin ƙarya, suna so kotu ta tsayar da ginin. Ina jin sallamarsu na hango silifas ɗin Auta a bakin ƙofar ɗaki. Na ja kujera kansu na zauna na baza zani. Suka tambaya ko Auta yana kwana a gidan nan, na ce a'a. Matar ta sake tambaya mene ne shi a wurina. Yaya, na ce ɗan ƙanwata ne. Namijin ya miƙo wani ɗan gilashi na ɗora yatsa, suka yi godiya suka tafi. Da yamma ƙanwar taka ta aiko mini da turmin atamfa. Yana nan ƙarƙashin gado, ban buɗe ba.

Tun ranar ko ƙofa aka buga sai in ce kotu ce. Maƙwabta kuwa sun san gaskiya, ina ganin yadda suke kallona a bakin famfo. Amma ba ɗauri ne ya fi tayar mini da hankali ba. Na tambayi Auta inda maganar da na yi ta tafi, ya ce cikin irin injinan nan, kuma su ba sa mantuwa. Ke nan ni zan mutu, kai ka mutu, maƙwabta su watse, injin yana nan yana cewa ita ta haife shi, ga yatsana shaida. Ya yi dariya ya ce ai ba a raba hanta da jini. Na ce masa hantar ce ta sa hannu.

Ba na so ka yi mata faɗa, kuma kada ka kira Auta, aikin nan yana sonsa, ni ma ba zan janye ba. Abu ɗaya nake roƙo. Cikin waɗanda ke tsaye a tsakar gida ranar da na haife shi, kai kaɗai ka rage, kai ka yi masa huɗuba. Ka samu farar takarda ka rubuta da hannunka cewa ni na haifi yaron nan, ka sa rana, ka sa sunanka, ka aiko. Ba kotu zan kai ba, ba wanda zan nuna wa. Ko ban iya karantawa ba, in dai tana ɗakina ya ishe ni.

Ka gaishe mini da matarka Uwar Biyu da 'yan biyunta, da Dogo direba, da takwarata mai rigima. Ƙanwar taka ma na san za ta ce a gaishe ka, amma ita yanzu tana da mai rubuta mata.

Ni ce ƙanwarka,
Uwar Auta. Na ce wa matar mai kemis ta rubuta haka, ta kuma rantse ta rubuta.