Saura mutum ɗaya a kan sayen gininmu

Laraba da dare, Lewisham, London

Yau maƙwabta suka taru a flat ɗin Baba Idrisa. Mai ginin nan zai sayar da freehold, wato ginin da filinsa baki ɗaya, kuma doka ta ce sai ya fara yi mana tayi, mu masu lease, wato hayar dogon zango, kafin ya sayar wa bare. Amma sai fiye da rabinmu sun yarda. Saura mutum ɗaya, kuma ni ce.

Da Abban Hafsa yana raye, da ya fi kowa baki a taron. Kullum faɗa yake kan rufin da ke yoyo. Ni dai na riƙe shayi har ya huce.

Baba Idrisa ya ce, "Hajiya, ba takura miki muke ba. Amma in wa'adin ya wuce, kamfani ne zai saya, ba mu san halinsu ba."

Na ce, "Na ji, Baba."

Ba tsoro, ba murna. Tun da na fita takaba haka nake, komai kamar ba da ni ake ba.

A matakala na tambayi 'yata Hafsa ko tana so mu koma Kano. Ta amsa da Turancinta, wai nan ne gida, a barandar nan Abba ya koya mata keke.

Ɗazu na tura wa Baba saƙo, na ce su sa sunana. Ya turo addu'a mai tsawo. Na karanta rabi na kife wayar. Gobe aikin safe gare ni.