Baffana Ya Karya Sarewar Babana

Anti mai shawara, don Allah ki taimake ni kafin in yi abin da zai raba gidanmu biyu.

Ina aure a Dutsin-Ma, mahaifina yana Rawayau ta ƙaramar hukumar Kurfi. Bara ya samu shanyewar ɓarin jiki. Ya tashi, alhamdulillahi, amma yatsun hannunsa na dama sun yi nauyi, kuma mutumin da ya saba wuni a gona ya koma zaman zaure, ko magana ba ya son yi. A asibiti ne ya ji wata busa a wayar wani ma'aikaci, aka ce masa ta gargajiyar mutanen ƙasar Ayilan da ke Turai ce. Ya ce ta tuna masa lokacin da yake kiwo yana busa sarewar kara. Na tura masa irinsu a waya, kullum yana saurare.

Mijina Talha ya yanko bututun ban-ruwa daga gonarsa ta Zobe, ya huda shi ya mayar da shi sarewa, ya kai wa Baba. Sautin bai yi daidai ba, amma Anti, ranar na ga Baba ya yi dariya, yatsunsa suna motsi.

Sai ga yayan Baba, Baffa Ummaru. A gaban mutane ya fizge ta, ya taka ta da ƙafa, ya ce gidansu ba a taɓa yin maroƙi ba, wai tsoho da furfura zai mutu da busar Turawa a baki. Mutumin da ko sau ɗaya bai je duba shi a asibiti ba! Baba ya koma zaurensa. Na tsani Baffa, ba zan ɓoye miki ba. Na daina gaishe shi. Ina zan samu sarewa ta gaske mai araha? So nake in sa Baba ya busa ta a ƙofar gidan Baffa, in ga wanda ya isa.

'Yar Rawayau

*

'Yar Rawayau, Allah ya ƙara wa Baba lafiya.

Baffanki bai kyauta ba. Ko da yana ganin busa ba ta dace da gidansu ba, kuma akwai dattawa da malamai masu wannan ra'ayi, wulaƙanta mara lafiya a bainar jama'a ba gyara ba ne.

Amma ke ma ki ji. Kina so ki ɗauki mutumin da bai gama warkewa ba ki tsayar da shi a tsakiyar faɗanki. Ke za ki koma Dutsin-Ma, shi za a bari da yayansa. Kin ma tambaye shi ko har yanzu yana so?

Idan ya ce yana so, kada ki sayi doguwar sarewa da ake busawa ta gefe. Hujojinta suna da nisa, za ta wahalar da yatsunsa. Masu arahar na katako kuma sau da yawa sautinsu a karkace yake. Ki nemi ƙaramar nan ta ƙarfe ko roba mai huji shida da ake hurawa kamar usur, wadda masu sayarwa ke kira tin whistle, mai alamar D. Da ita masu koyon busar Ayilan suke farawa. Ki tambaya a shagunan kayan kiɗa na Kano ko a intanet, kuma ki ji shawarar likitan da ke motsa masa jiki.

Baba ya riƙa busawa a cikin gidansa. Ki samu dattijon da Baffa yake jin nauyinsa, ya faɗa masa abin da busar ta yi wa ƙaninsa. Gaisuwa kuma ki koma yi, ko da a taƙaice.

Allah ya sanyaya miki zuciya, ya sa Baba ya sake dariya.