Ranar da Fadila Ta Ɗaga Hannu a Aji

Zuwa ga mahaifina, Malam Sada, Baure.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da ladabi, Baba, ina fata kana lafiya, da Inna da Hasana da duk mutanen gida. Yaya ƙafar taka? Allah ya ƙara sauƙi.

Na ba direban motar Daura wannan takarda, tunda waya ba ta yi mana amfani. Hasana ta rubuto cewa kana tambayar karatu. Baba, ba ya tafiya. A makarantar kurame da ka kai ni bayan sanƙarau ya tafi da jina, kowane malami da hannu yake koyarwa. A kwalejin horon malamai ma muna da tafinta, shi ya sa na samu sakamakon da ya shigar da ni jami'a kai tsaye aji biyu. Nan jami'a a Kano kuwa babu tafinta. Ɗakin lacca ya fi masallacin Juma'armu cika. Ina zama a gaba ina karanta bakin malami, sai ya juya wajen allo ya ci gaba da bayani, ni ina kallon ƙeyarsa. Idan aji ya yi dariya, nakan murmusa don kada a gane.

Wata 'yar ajinmu daga garin Mashi, Siddiƙa, tana ara mini littafinta in kwafa. Allah ya saka mata. Amma abin da hannunta ke kamawa kaɗan ne.

A sa ni a addu'a. 'Yarka, Fadila.

Zuwa ga Baba,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da fatan alheri, ina gaida Inna. Yaya aikin gona? An ce gero ya yi kyau bana.

Sakamako ya fito, kuma na faɗi. Ni da ban taɓa maimaita aji ba tun daga firamare, yanzu an ce in maimaita shekara ko in janye. Jami'in da ya kira ni ba mugu ba ne. Ya rubuta mini a takarda cewa shaidar malanta da nake da ita ta ishi mai irin lalurata. Na karanta, na gode masa, na fito.

Na ga saƙonka cewa bayan girbi za ka zo ka ɗauke ni, in koma in koyar a firamaren garinmu. Na san tausayi ne. Na san kuma abin da mutane suka faɗa ranar da ka goya ni a babur zuwa tashar Daura, cewa wahalar da kurma kawai kake yi. Ba na so su ce ga shi nan. Ka ba ni wannan zangon karatu kaɗai. Na gano ba ni kaɗai ba ce, akwai kurame a wasu sassa, kowa yana ɓoye da nasa. Mun fara haɗuwa a gindin wata darbejiya.

Taka mai biyayya, Fadila.

Zuwa ga Baba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fata kun shiga azumi lafiya. A gaida Inna da Hasana.

Mu kuramen mun yi ta zarya ofis-ofis muna neman tafinta, Siddiƙa tana magana a madadinmu. Wasu sun saurare mu, wasu sun ce mu dawo. Biyu daga cikinmu sun gaji sun koma gida. A ƙarshe aka ɗauko tafinta guda, Malama Hadijatu, mu raba ta tsakaninmu. Ni darasi ɗaya nake samunta a mako. Sauran darussan suna nan yadda suke, kuma maimaita shekarar ba fashi.

Ranar Talata ta fara shiga ajinmu. Ta tsaya gefen allo, malami yana magana, hannunta yana bi. Baba, na fahimci darasin tun daga farko har ƙarshe. Da ya ce ko akwai mai tambaya, sai na ga hannuna a sama. Aji duka ya waiwayo. Na yi tambayata da hannu, ta faɗa masa da baki. Ya ce bai taɓa duba abin ta wannan fuska ba, zai bincika ya kawo amsa mako mai zuwa. Bayan an tashi na zauna a matakala na yi kuka, Siddiƙa tana riƙe da jakata.

Kada ka wahalar da ƙafarka zuwa Kano. Ina nan sai na gama. Zan zo hutun salla da yardar Allah.

Ka huta lafiya. 'Yarka mai ƙaunarka,
Fadila Sada.