Kafaɗar da Tulle Ta Bi

Ni Aksel Vestergaard, mahaifinku, na rubuta wannan da hannuna, hankalina garau. Likita ya ce da wuya zuciyata ta kai bazara, ban yi masa musu ba. Sai da na shekara arba'in na koyi rubutun kirki a ajin yamma, bayan na sauka daga jirgin kamun kifi, don haka Solvej da Troels, ku karanta a tsanake.

Cikin murna nake. Ranar Asabar karyata Tulle ta gama zagaye ba kuskure ko ɗaya a gasar tsalle-tsalle ta ƙungiyarmu ta masu karnuka. Ƙafafuna sun daina gudu, tsakiyar fili na tsaya da sandata. Ta tsallake shingaye, ta saƙa jikinta tsakanin sanduna goma sha biyu, ta shige bututu ta fito, ni kuwa ban ce uffan ba. Kafaɗata kawai take kallo. Na juya kaɗan, ta juya. Shekara ashirin na yi a teku ban ga abin da ya girgiza ni haka ba. Bodil mai duba agogo ta ce, "Tsoho, ita ta yi aikin, kai ka tsaya kamar turken fitila, kuma kai ne mai kuka!"

Ga wasiyyata. Na ɗaya. Gida naku ne ku biyu. Kintinkirin gasa da ke bango, jikokina su raba.

Na biyu. Shingaye da bututun da ke rumfa a kai wa ƙungiya.

Na uku, shi ne mai nauyi. Bara da aka yi mini aikin gwiwa, Solvej ce ta yi gudu da Tulle a gasar garin Holstebro. Tulle ta bar ta, ta shiga bututu ta bakin da ba shi ba, alƙali ya fitar da su. Troels, a gaban jama'a ka ce, "Yaya, ko agwagwa ba za ta bi ki ba! Koma wajen raba kofi." Ita kuma ta ce, "Ji mai magana, igiya ma ba ka iya riƙewa." Tun ranar ba ku ci abinci a tebur ɗaya ba, ko da ranar Kirsimeti.

Laifina ne. Ina tsaye bakin fili, da suka kusa bututun kafaɗata ta juya da kanta. Daga taku talatin, cikin mutane ɗari, Tulle ta gani ta bi. Mamaki da daɗi suka rufe mini baki, daga baya kunya ta ƙarasa. Ku yafe mini.

Na huɗu. Tulle ta Solvej ce. Na riga na sa sunansu a gasar watan Mayu. Troels, kai za ka kai su a mota, ka tsaya a ƙofar fita da igiya da busasshen kifin Tulle. Kafin ku isa, ka ba yayarka haƙuri, ba da wasa ba.

Allah ya yi muku albarka, ku da 'ya'yanku. Ku riƙe juna, ku dinga cin abincin Lahadi tare ko da ana fushi.

Solvej, kada ki ji tsoro. Ba na bakin fili wannan karon. Ke kaɗai za ta kalla.