Inda Direba Zai Tsaya

Gusau, ranar Talata

Zuwa ga Yaya Balkisu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da yara. Ya jikin maigida Malam Yusha'u? Allah ya ƙara sauƙi.

Kin hana ni yi miki maganarsa a waya, wai gidan ƙarami ne, kunnensa kuma ba ya barci. To ga takarda, na ba Jatau direba ya sauke miki.

Labarin shi ne mun samu fili. Ƙungiyarmu ta tseren motar rimot, wadda kike kira taron masu gemu da kayan wasan yara, ta gaji da korar da 'yan ƙwallo ke mana a Damba. Malam Bawa mai bulo ya ba mu aron bayan wurin aikinsa a Bungudu. Ni aka ɗora wa tsara hanyar, tunda ni ne mai walda, ni ke da tef ɗin awo. Ga zanen nan na haɗo. Dogon layin da kike gani can sama shi ne miƙaƙƙiyar hanya, inda mota ke sakin gudunta duka. Daga nan sai kwana mai kaifi, sai wani wuri mai lanƙwashe-lanƙwashe da na sa wa suna Maciji, sai a zagayo. Za mu jera tsofaffin tayu a gefe da gefe. Ɗan akwatin da na zana a ƙasa dakalin direbobi ne, na ƙarfe, tsayin mutum, da matakala. Ba yabon kai ba, ko a bidiyon Turawa ban ga wadda ta fi ta tsari ba.

Cikin kwalin akwai jar mota da rimot da caja. Ba sabuwa ba ce, amma na sake mata tayu. Ki ba shi. Mutumin da ya yi rabin rayuwarsa yana jigila tsakanin Tsafe da Gusau hannunsa bai manta ba. Ƙafafu haɗarin ya taɓa, wannan tuƙin kuwa na yatsu ne. Burina ya zo ranar buɗewa, wata Asabar bayan an gama girbi. Zaman ɗakin nan nasa yana damuna.

Ki gaida kowa.
Ƙanenki, Garba

*

Tsafe, ranar Juma'a

Garba,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, jiki da sauƙi, an gode Allah. Saƙo ya iso, Allah ya yi albarka.

Da na ba shi motar ko kallon kirki bai yi mata ba, ya ce in tura ƙarƙashin gado. Na tura. Washegari ina wanke-wanke sai na ji wani ƙugi, kaji suka watse, jar aba ta wuce ta tsakanin ƙafafuna. Yana bakin ƙofar ɗaki a kan kekensa na asibiti, fuskar nan a murtuke kamar ba shi ba. Na ci gaba da wanke-wankena, don na san in na yi dariya an gama.

Abu ɗaya ke ba shi haushi. In motar tana tafiya gaba lafiya lau, amma da ta juyo ta fuskance shi sai dama ta koma hagu a hannunsa. Ya daki randa, ya daki turmi, ya shiga murhu. Ya ce shi da bai taɓa goge motar mutane a tasha ba, yau abin wasa ke raina masa hankali. Duk da haka kullum sai batir ya mutu yake ajiyewa.

Yanzu ga inda ka ɓata. Na ba shi zanenka. Ya daɗe yana bin layin da yatsa, har na ga bakinsa na motsi wajen Macijin nan naka. Sai ya ce, "Ina direba za ya tsaya?" Na nuna masa akwatin, na karanta masa abin da ka rubuta, har da tsayin mutum da matakala. Ya ninke takardar ya miƙo mini. Tun daga ranar motar ta koma ƙarƙashin gado.

Garba, kai da ka yi abin nan dominsa, da me ka so ya hau? Tun da aka sallamo shi daga asibiti bai leƙa ƙofar gida ba. Abokansa na tasha sun yi ta zuwa yana cewa a ce yana barci, har sun daina. Ni ba tsere ne ya dame ni ba, ya ci ko kar ya ci. So nake in ga bayansa yana fita daga gidan nan. Na fara sa rai, ka zo ka kafa masa matakala.

Ka gaida Nafisa da yaran.
Yayarka, Balkisu

*

Gusau, ranar Lahadi

Yaya,

Bayan gaisuwa. Na sha faɗa, na gode. Amma ki fahimce ni, dakalin ba ado ba ne. Mai tuƙa motar rimot ba ya cikinta, idonsa ne gilashin gabansa. In bai hau sama ba ba zai ga ƙarshen fili ba, abin da ba ka gani kuwa ba ka tuƙa shi. Ko'ina haka ake yi.

Abin ai mai sauƙi ne. Muna da ƙarti a ƙungiya, Anas kaɗai ya isa ya ɗauki buhun gero da hannu ɗaya. Mu kama keken ta kowane ɓangare, kafin ki ƙifta ido yana sama. In an gama mu sauko da shi. Ba wanda zai ga abin magana a ciki, duk suna girmama shi.

Ki lallashe shi. Na riga na sayi ƙarfen.

Naki, Garba

*

Tsafe, ranar Laraba

Garba,

Gaisuwa da fatan alheri. Ban lallashe shi ba, ban ma gaya masa ba.

Ɗaukarsa aka yi aka fitar da shi daga cikin mota ranar haɗarin. Ɗaukarsa aka yi aka shiga da shi asibiti, aka ɗauko shi aka shigo da shi gidan nan, maƙwabta na tsaye suna sannu. Watannin farko ni da ƙanensa muke ɗaukarsa zuwa bayi. Ya yi ta fama da hannuwansa har ya koyi hawa gado da sauka shi kaɗai, ranar da ya iya kuwa ya ce, "Daga yau ba mai ƙara ɗauka ta sai ranar da za a kai ni makwanci." Kai kuma kana so a ɗaga shi sama gaban jama'ar Bungudu kamar buhun geron da ka ambata. Wallahi da na karanta sai da raina ya ɓaci.

Na san da zuciya ɗaya ka yi. Matsalarka kai dogo ne, kuma a tsaye ka zana abinka. Ga abin da nake so. Ka je filin, ka nemi kujera ka zauna, ka ajiye motarka ka tuƙa daga nan. Kar ka miƙe, kar ka ɗaga wuya. Abin da ka gani ka rubuto mini.

Ƙarfen kuma ka yi wa Nafisa abin shanya da shi.

Balkisu

*

Bungudu, ranar Litinin

Yaya Balkisu,

Assalamu alaikum, da fatan an tashi lafiya. Daga filin nake rubuto miki, a kan bulon Malam Bawa.

Na ari farar kujerarsa ta roba na zauna. Yaya, rabin hanyata ta ɓace. Tayun da muka jera sun fi motar tsayi, da ta shiga bayansu sai ƙura kawai nake gani. Miƙaƙƙiyar hanyar da nake taƙama da ita ban ga ko ɗigonta ba, sai ƙarar karo na ji. Malam Bawa na gefe yana tambayata ko ciwon baya ya kama ni.

Na yi kwanaki ina zagaya wurin da kujerar a hannu, in ajiye nan in zauna, in matsa can in zauna. Ashe filin gangare ne, yana sauka wajen rafi. Da niyyata a kawo katafila ta baje shi, direbobi su tsaya ta ƙasa kusa da inuwa. Yanzu na juya abin gaba ɗaya. Direbobi za su koma kan tudu, inda motocin ɗaukar bulo ke shiga, ƙasar wurin ta daddale, keke zai gara ba mai turawa. Daga nan fili duka yana shimfiɗe a gabanka kamar tabarma. Tayu mun kwashe. Na samo tsofaffin tiyo na masu noman rani, muka ɗura musu yashi muka kafe da rodi, ba sa kare komai. Miƙaƙƙiyar hanyar na jawo ta kusa, dole ta gajarce. Ƙarfen dakali kuma na yanka shi na yi dogon benci, kowa a zaune zai tuƙa, ido ɗaya da na kowa.

Ba a rabu lafiya ba. Anas motarsa ta gudu ce, dogon layin nan shi ne abincinsa. Ya ce na lalata hanyar mutum goma saboda mutum ɗaya da bai ma ce zai zo ba, kuma shi ba ya tuƙi a zaune kamar mai jiran likita. Ya ɗauki motarsa ya tafi, wasu suka bi shi. Maganarsa ta tsaya mini a rai, don gaskiya ne bai ce zai zo ba.

Ga sabon zanen. Za ki ga na sassauta kwane-kwanen duka. Mai kaifin nan ta ƙarshen miƙe na cire ta, na sa mai faɗi, Maciji ma na miƙar da shi. Tunda kin ce dama da hagu na rikice masa, ba na so ya yi ta kifewa gaban mutane. Wannan kar ki faɗa masa.

Ƙanenki, Garba

*

Tsafe, ranar Alhamis

Malam Garba mai walda,

Salamu alaikum. Ina gajiya, ina iyali.

Jatau ya kawo takardarka ya tarar Balkisu ta tafi suna 'Yandoto, sai ya ba ni. Na karanta har inda ka ce kar a faɗa mini.

Tudun ya yi. Tiyo ma dabara ce, ban zaci kanka na ja haka ba. Amma hanyar da ka zana ta kai amarya ce, ba ta tsere ba. Ka maido da kwanar nan mai kaifi, ka ƙara matse ta, ta zo daidai inda gangaren ya fi sauka, yadda wanda bai san birki ba zai wuce ya gaida rafi. Maciji ka mayar masa da lanƙwasarsa. Na yi maka alama da jan biro. In na kife na kife, ba yau na fara ba. Tausayin ya ishe ni haka, na gida ma bai ƙare ba.

Dama da hagu kuma na gano kansu. Da daga waje nake kallon motar. Yanzu na daina, sai in sa a raina ina ciki, sitiyari a hannuna. Tun daga nan ban ƙara taɓa randa ba.

Ka ce wa Anas ya dawo. In zama ne ba ya so ya tsaya, in ya ga dama ya hau tebur. A kwanar za mu haɗu.

Kai da yayarka kuma jirgi ɗaya ya kwaso ku. Ta tura ka Bungudu ka zauna a kujera, ita kuwa kullum tana tsallake dokin ƙofar gidan nan, tsayinsa ya kai bulo guda, ta dawo tana ce mini in fita in sha iska. Ban taɓa faɗa mata ba, don da ba ni da inda za ni.

Wace Asabar ce za a buɗe?

Yusha'u

*

Tsafe, ranar Lahadi

Garba,

Gaisuwa. A gurguje nake, Jatau na lodi.

Jiya Malam Yusha'u ya sa aka kira Tambaya magini ya fasa dokin ƙofa. Shi ya tsaya a kan aikin, sai da ya sa aka sake gangaren wai ya cika tsayi. Yau da hantsi ya ce in ba shi hularsa, za shi tasha ya kama gidan gaba a motar ranar Asabar da kansa. Na tsaya a soro, ban bi shi ba.

Har yanzu bai dawo ba. Tuwonsa ya huce, ban kuma taɓa jin daɗin hucewar abinci irin na yau ba.

Ka matse kwanar yadda ya ce.

Yayarka, Balkisu